Zaɓin Majiyyaci da Gasar Kasuwa: Nazari a Kan Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum

Wannan 'yar maƙala za ta duba wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a wurin wasu masana tattalin arziki, wato cewa in aka bar majiyyaci ya zaɓi inda zai nemi magani, gasar masu sayarwa za ta sauko da farashi, ta kyautata aiki, gwamnati kuwa ta koma gefe. A harkar hatsi maganar tana da ƙamshin gaskiya. Mai sayen gero a kasuwar Gummi yakan damƙa ya duba, ya taya, in bai yi masa ba ya yi gaba. To amma tun 1963 wani masani ɗan Amurka, Kenneth Arrow, ya nuna cewa mai neman lafiya bai san abin da yake saye ba, ballantana ya taya.

Abin da ya faru a yammacin Zamfara a 2010 ya tabbatar da haka. Tsadar zinariya ta sa mutanen ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, suka riƙa kai duwatsun haƙa cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, yara suka yi ta haɗiya, sai amai da jijjiga da mutuwa. Kimanin yara 400 suka rasu. Iyaye ba su rasa zaɓi ba, domin ga mai kemis, ga mai maganin gargajiya, ga asibitin gari. Sai dai alamomin sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, kuma mai kemis abin da aka tambaya yake miƙawa. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jinin yaran sannan aka gane cutar, ta kuma raba maganin wanke gubar kyauta.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya shi ne Bagega. Yaron da aka wanke wa jini, in ya koma ya zauna a gurɓatacciyar ƙasa, an yi aikin banza ke nan. Dole a fara kankare ƙasar tsakar gida da ta hanyoyi a zuba sabuwa. Wannan ba haja ba ce da magidanci zai saya shi kaɗai, domin ƙurar maƙwabcinsa ba ta san katanga ba. Aikin hukuma ne, ita kuwa ta yi jinkiri ƙwarai: sai a farkon 2013 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, bayan matsin lamba, sannan aka iya fara yi wa yaran Bagega magani, kusan shekara 3 da gano cutar.

A 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Jihar Zamfara.