Yadda Ake Haɗa Kiɗa da Naɗarsa a Fiyano

Fiyanon da ake yawan gani a hannun matasan Chereponi, da na Yendi da Salaga da Bawku, Yamaha PSR ne, wani sabo, wani na hannu da aka sayo a Tamale ko Kumasi. Da yawa daga masu shi danna kiɗan da kamfani ya zuba a ciki kawai suke yi su bi da waƙa, alhali na'urar tana iya haɗa maka kiɗanka tun daga ganga har sarewa, ba tare da kwamfuta ba.

Da farko ka san ƙarfin abin da ke hannunka. PSR-E463 layi 6 yake ɗauka, S670 da S970 da SX700 kuwa layi 16. Kowane layi kayan kiɗa ɗaya ne: ganga nata, bes nasa. Abin da fiyanon ke ajiyewa a wannan mataki ba sauti ba ne, bayani ne na maɓallin da ka danna, da lokacin, da ƙarfin dannawar. Wannan tsarin shi ake kira MIDI, tun 1983 ake aiki da shi, kuma shi ya sa za ka iya gama kiɗa da muryar jita ka mayar da shi garaya ko sarewa ba tare da ka sake bugawa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tanadi filash, ka sa shi a kafar USB TO DEVICE, ka bar fiyanon da kansa ya yi masa fomat. Ka haɗa adafta da sitabilaiza, don wutar kamfanin lantarki na NEDCo takan yi sama da ƙasa.

Sai gudun kiɗa. Ka rera amshin waƙar da baki, kana buga maɓallin TAP TEMPO daidai da tafinka, na'urar za ta fitar da lambar da kanta. Ka kunna METRONOME ya riƙa ƙwanƙwasa maka. A nan ne ya kamata ka tsaya ka saurara da kyau: kiɗanka tafiyar bibbiyu yake yi ko ta uku-uku? Yawancin kiɗan kalangu na biki, da na gangunan lunga da gungon da ake ji a bikin Damba na Yendi, kowane taku a cikinsa kashi uku yake rabuwa. Idan haka naka yake, ka saita 6/8 ko 12/8. Wanda ya bar shi a 4/4 don haka ya tarar, zai yi ta kokawa da na'urar har ƙarshen aikin.

Yanzu ka buɗe sabuwar waƙa, ka riƙe REC, idan fiyanonka mai layi 16 ne ka zaɓi layi na 10, wanda al'adar MIDI ta keɓe wa ganguna. Kada ka ce za ka buga duka lokaci guda. Fara da babbar ganga mai kauri, ka bi ta daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, ka tsaya, ka saurara. Sannan ka ɗauki wani layin ka ɗora kacau-kacau, wani kuma tafi. Idan babu muryar kalangu a fiyanonka, ka nemo konga biyu ko uku, mai kauri da mai siriri, ka riƙa musayarsu da yatsu biyu. Ba za ta yi magana kamar ta makaɗi ba, amma za ta riƙe wurin.

Bayan ganguna sai bes, kuma ya riƙa sauka inda babbar ganga ke sauka. Sai kod da hannun hagu. Sarewa ko algaita ce ta ƙarshe, a gurbin da mawaƙi zai numfasa. Ga wata 'yar taya a gefen hagu, PITCH BEND, ka ɗan murza ta a ƙarshen jimla, sautin ya lanƙwaso kamar na mai busa da baki.

Akwai wani abu da ake kira Quantize, mai jawo kowane bugu ya zauna daidai kan lokaci. Yana da amfani, kuma shi ne ke kashe kiɗan mutane da yawa. Babbar ganga da bes ka daidaita su sosai, su ne ginshiƙi. Idan kiɗan na uku-uku ne, ka zaɓi alamar da ke da lamba 3 a jikinta, in ba haka ba zai markaɗe maka salon ya koma kamar faretin sojoji. Kalangu da sarewa kuwa ni ba na taɓa su, in ma ya zama dole sai in sa ƙarfin gyaran a kashi 50 cikin 100. Makaɗin gaske yakan ɗan riga taku ko ya ɗan makara da gangan, kuma wannan 'yar tazarar ce ke ɗaga mata daga kujera a gidan biki.

Idan ka yi kuskure a tsakiya, ba sai ka goge layin duka ba. A manyan fiyanon akwai Punch In da Punch Out: ka nuna masa gaɓar da zai fara da wadda zai tsaya, ka sake buga wurin kaɗai.

Duk layin da ka gama, ka danna SAVE nan take. Waƙar da ba a ajiye ba, da an ɗauke wuta ta tafi. Ko da wuta ma, Yamaha yana kashe kansa idan ya yi minti 30 ba a taɓa shi ba, wato ka je sallah ka tsaya gaisawa, ka dawo ka tarar da allo baƙi. Ana iya kashe wannan saitin a cikin FUNCTION.

Kafin murya, ka shiga MIXER ka rage kod, ka tura kacau-kacau gefen dama, konga gefen hagu, ka bar tsakiya wa bes da mawaƙi. Sannan ka sa makirufo, idan fiyanonka yana da kafarsa, ka kunna kiɗan, ka naɗi komai da USB AUDIO. Wannan fayil ɗin WAV ne, minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10, kuma ba a gyara shi layi-layi, don haka ka adana na MIDI daban. Ka kashe fanka, ka rufe taga saboda babura. Idan ka samu mai kalangu na gaske a zango, wannan ne lokacin da za ka kashe layin konga ka tsayar da shi kusa da makirufo. Ka tura sakamakon zuwa wayarka, ka saurare shi a ƙaramar sifika irin wadda za a kunna shi a kasuwa, kafin ka ba kowa.