Kundin Aukuwa da Cikar Faifai: Darasi a kan Kula da Uwar Garke

Gabatarwa

A ranar 29 ga Agusta, 2023, kamfanin Toyota ya dakatar da aiki a masana'antunsa 14 na harhaɗa motoci a ƙasar Japan. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa ba harin masu kutse ne ya jawo hakan ba. Wurin ajiya ne ya ƙare a faifan kwamfutocin da ke kula da odar kayan gyara, bayan wani aikin gyaran rumbun bayanai, kuma kwamfutar da aka tanada domin ko-ta-kwana ita ma ta gaza saboda dalili guda. Wannan ya nuna cewa cikar faifai, duk da kamar ƙaramin abu ne, tana iya tsayar da babban aiki cik.

Makarantu da ofisoshi da dama suna da tasu uwar garke, wato kwamfutar da ba a kashewa, wadda sauran kwamfutoci ke neman bayanai a wurinta: sakamakon ɗalibai, jarrabawa ta kwamfuta, littattafan laburare ko shafin intanet. A irin wannan kwamfuta, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye faifai shi ne kundin aukuwa. Wannan darasi zai duba ma'anarsa, da dalilin kumburinsa, da matakan gano matsalar a babbar manhajar Linux. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne: kundin da ya kumbura alamar cuta ce, don haka karanta shi ake yi kafin a share.

Mene Ne Kundin Aukuwa?

Malamai sun san littafin da hedimasta ke ajiyewa a ofishinsa, inda yake rubuta muhimman abubuwan da suka faru: zuwan sufeto, rashin lafiyar malami, ranar da iska ta yaye rufin aji. Kwamfuta ma tana da irin wannan littafi. Duk lokacin da wani ya shiga, ko wata manhaja ta tashi, ko wani sashe ya gaza, sai ta rubuta layi ɗaya mai ɗauke da kwanan wata, da lokaci, da sunan manhajar, da bayanin abin da ya auku. A Linux, waɗannan fayiloli suna zaune ne a jakar /var/log.

Tsarin da ya daɗe ana amfani da shi shi ne syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980 lokacin da yake aikin manhajar aika wasiƙu ta Sendmail. Ya kasa saƙonni zuwa matakai takwas bisa tsananinsu, daga 0 zuwa 7. Mataki na 0, emerg, yana nufin na'ura ta durƙushe. Na 3, err, kuskure ne. Na 4, warning, gargaɗi ne. Na 6, info, labari ne kawai. Na 7 kuwa, debug, shi ne bayani dalla-dalla da masu rubuta manhaja ke buƙata yayin farautar kuskure. Bayan fitowar systemd a shekarar 2010, yawancin nau'o'in Linux sun koma amfani da sashensa mai suna journald, wanda ke ajiye saƙonni a /var/log/journal cikin sigar da sai da umarnin journalctl ake karantawa. A wasu nau'o'in, kamar Ubuntu, tsarin biyu suna aiki tare, saboda haka saƙo guda kan shiga wuri biyu ko fiye.

Lissafin Kumburi

Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika. A ɗauka cewa layi ɗaya na kundi yana da bayit 200, kuma wata manhaja da ta rikice tana rubuta layi 50 a kowace daƙiƙa. Wannan ya zama bayit 10,000 a daƙiƙa. Tun da yini ɗaya yana da daƙiƙa 86,400, to a kullum za a tara bayit 864,000,000, wato megabayit 864. Idan wurin da ya rage a faifai gigabayit 20 ne, zai cika cikin kwana 23 kacal. Idan kuwa layukan sun kai 1,000 a daƙiƙa, sama da gigabayit 17 za su tafi a yini guda.

Abubuwan da suka fi jawo irin wannan ambaliya su ne:

1. Manhajar da ke faɗuwa, babbar manhaja ta sake tayar da ita, ta sake faɗuwa, kowane zagaye da nasa layukan.
2. Barin wata manhaja a matakin debug bayan an gama gyara.
3. Na'urar da ta fara lalacewa, kamar faifai ko katin sadarwa, wadda ke aiko da ƙorafi iri ɗaya babu ƙaƙƙautawa.
4. Masu kutse da ke gwada kalmomin sirri ta ƙofar SSH dare da rana, inda kowane gwaji ke shiga fayil ɗin auth.log a Ubuntu, ko secure a dangin Red Hat.
5. Manhajojin da ke gudana cikin kwantenar Docker, domin a tsarinsa na asali Docker ba ya sanya wa kundin kwantena iyaka.

Alamomin Cikar Faifai

Idan faifai ya cika, rumbun bayanai kan ƙi karɓar sabon rubutu, shafin intanet ya daina buɗewa, sabunta manhaja ya tsaya a tsakiya, kuma saƙon No space left on device ya riƙa bayyana. Abin takaici shi ne kundin kansa zai daina rubutuwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Sai dai tsarin fayiloli na ext4 yakan keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai ga babban mai gudanarwa, wato root. Wannan ɗan fili ne ke ba shi damar shiga ya yi gyara ko da sauran masu amfani sun kasa.

Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne auna faifai. Umarnin df -h yana nuna kowane sashe na faifai da yawan abin da aka ci. Idan ya nuna akwai sauran wuri amma kwamfuta na cewa babu, sai a gwada df -i. Dalili kuwa, kowane fayil yana da ɗan katin shaida da ake kira inod, kuma a ext4 yawan katunan ƙayyadadde ne tun ranar da aka tsara faifan. Miliyoyin ƙananan fayiloli suna iya ƙarar da katunan alhali akwai fili.

Mataki na biyu shi ne gano mai cin wurin:

sudo du -xh /var | sort -h | tail -20

Wannan zai jero jakunkuna 20 mafi nauyi, mafi girma a ƙasa. Domin sanin abin da journald ya ci, akwai journalctl --disk-usage. Kundin Docker kuwa yana ƙarƙashin /var/lib/docker/containers, a fayilolin da sunansu ya ƙare da -json.log.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne karatu. Ba a buɗe fayil mai nauyin gigabayit goma da manhajar rubutu, domin yana iya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Umarnin tail -n 50 /var/log/syslog yana nuna layuka 50 na ƙarshe, tail -f kuma yana nuna sababbi suna shigowa. Haka nan journalctl -p err -b yana tsamo kurakurai daga mataki na 3 zuwa na 0 tun daga tashin na'ura na ƙarshe. Kusan kullum za a tarar layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa, kuma sunan mai laifin yana jikinsa. Ya kamata a kwafi samfurin layukan zuwa wani wuri kafin a taɓa komai. Wanda ya share kundi bai karanta ba tamkar majinyaci ne da ya yaga takardar gwajin jini yana zaton ya warke. Idan faifai ne ke mutuwa, ko kuwa ɓarawo ne ke taɓa ƙofa, to ya ɓatar da shaidar da hannunsa.

Mataki na huɗu shi ne samar da fili. Ga fayil na rubutu zalla, ana kwashe abin da ke cikinsa a bar shi a wurinsa:

sudo truncate -s 0 /var/log/syslog

Ga journald kuwa ba a taɓa fayilolinsa da hannu. Ana amfani da journalctl --rotate domin rufe fayilolin da ake kan rubutawa, sannan journalctl --vacuum-size=500M, wanda zai share tsofaffi har nauyinsu ya sauko ƙasa da megabayit 500.

Mataki na biyar shi ne kashe tushen matsalar: gyara manhajar da ke faɗuwa, mayar da debug zuwa info ko warning, sauya na'urar da ta lalace bayan an kwafe bayanai, ko kuma toshe masu gwajin kalmar sirri ta hanyar shiga da mabuɗin SSH da sanya manhaja irin fail2ban. Idan aka tsallake wannan mataki, faifan zai sake cika bisa lissafin da aka gani a sama.

Tarkuna Biyu

Tarko na farko ya shafi umarnin rm. Sau da yawa mai gyara kan share ƙaton fayil da shi, sai ya duba df ya ga faifan yana nan a cike. Bayanin yana cikin ginin Unix, wanda Linux ya gada. Sunan fayil daban, abin da ke cikinsa daban. Umarnin rm suna kawai yake cirewa, kuma ba za a saki wurin ba muddin akwai manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe. Kamar a cire allon suna daga ƙofar shago ne alhali ɗan haya yana ciki yana ta sauke kaya. Umarnin sudo lsof +L1 yana tona irin waɗannan fayiloli marasa suna tare da manhajar da ke riƙe da su. Da zarar an sake tayar da manhajar, misali da systemctl restart rsyslog, sai wurin ya dawo.

Tarko na biyu ya fi haɗari. Ba duk abin da ke da kalmar log a sunansa ne kundin aukuwa ba. Rumbunan bayanai suna da nasu kundin ma'amala, wanda da shi suke farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta. Masu rubuta PostgreSQL sun sauya sunan jakar pg_xlog zuwa pg_wal a fitowa ta 10, a shekarar 2017, saboda mutane suna share ta bisa zaton shara ce, su lalata rumbunsu. Ƙa'idar ita ce, fayil ɗin da ba a san aikinsa ba, ba a share shi.

Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar logrotate ita ce ke juya kundi: ta rufe na yanzu, ta matse shi, ta buɗe sabo, ta jefar da mafi tsufa. Dokokinta suna cikin /etc/logrotate.conf da jakar /etc/logrotate.d, kuma a nau'o'i da yawa tsarin asali shi ne juyi mako-mako tare da ajiye kwafi huɗu. Ana iya ƙara maxsize 100M domin a juya fayil idan ya wuce wannan nauyi tun kafin mako ya cika. Amma a lura cewa sau ɗaya a yini aka saba tayar da logrotate, don haka ambaliya mai ƙarfi tana iya cika faifai kafin ta waiwayo. Duk manhajar da aka girka da hannu tana buƙatar a rubuta mata tata dokar.

Shi journald yana da iyakarsa ta asali: kashi 10 cikin 100 na sashen faifan, amma ba ya wuce gigabayit 4. Ana iya rage ta da rubuta SystemMaxUse=500M a fayil ɗin /etc/systemd/journald.conf. Ga Docker, ana sanya max-size da max-file a /etc/docker/daemon.json. Idan aka ba su 10m da 3, kowace kwantena ba za ta wuce kimanin megabayit 30 ba. Sai dai dokar tana hawa kan sababbin kwantenoni ne kawai, tsofaffi sai an sake ƙirƙirar su.

Bugu da ƙari, yana da kyau a ware wa /var/log nasa sashen faifai, ta yadda ko ya cika ba zai shaƙe rumbun bayanai ba. Haka kuma a kafa wata 'yar manhaja da za ta aiko da gargaɗi idan faifai ya kai kashi 80 cikin 100. Kashe kundin gaba ɗaya ba mafita ba ce, domin ranar da matsala ta taso babu inda za a duba.

Kammalawa

Tsarin aikin yana da jeri: a auna, a gano, a karanta, a samar da fili, a kashe tushe, sannan a sa iyaka. Makarantar da ta ɗora jarrabawar ɗalibanta a kan uwar garke tana buƙatar wanda zai duba df -h aƙalla sau ɗaya a mako, musamman ana jajibirin jarrabawa.

Tambayoyi Domin Aji

1. Wata manhaja tana rubuta layi 120 a daƙiƙa, kowane layi bayit 150. Kwana nawa za ta ɗauka kafin ta cika gigabayit 40?
2. An share fayil mai gigabayit 12 da rm, amma df -h bai nuna sauyi ba. A bayyana dalili da mafita.
3. Mene ne bambanci tsakanin abin da df -h ke aunawa da abin da df -i ke aunawa?
4. Aikin gwaji: a kan kwamfutar da ba ta ɗauke da muhimman bayanai, kuma a gaban malami, ɗalibai su nemo fayiloli biyar mafi nauyi a /var/log, su rubuta sunan manhajar da ke rubuta kowanne.