Darasi: Jinyar Yaro Mai Ciwon Sikila a Gida

Ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, gado ne daga uwa da uba tare. Ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa ba ne. Idan miji da mata dukansu suna da jinin AS, kowane ciki yana iya zama SS, kashi ɗaya cikin huɗu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara. Saboda haka da wuya a sami ikkilisiyar da babu iyali mai irin wannan jinya.

Abin da ke faruwa a jiki

Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, takan yi kwana kusan 120. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Mutuwar nan da wuri ita ce ke kawo ƙarancin jini, da kasala, da rawayar ido. Sa'ad da ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini, sai azaba ta tashi a ƙasusuwa. A wurin jarirai, alamar farko sau da yawa ita ce kumburin hannu da ƙafa.

Kulawa ta kullum

Ƙishirwa, da sanyi, da gajiya mai yawa, da zazzaɓin cizon sauro su ne manyan masu ta da ciwon. Don haka yaro ya sha ruwa a kai a kai, a sa masa gora a jakar makaranta. Da hunturu a rufe masa jiki, a yi masa wanka da ruwa mai ɗumi. Ya kwana a gidan sauro kullum, a kuma cika masa rigakafi. Magungunan da likita ya rubuta, irin su folik asid, da fenisilin, da haidiroksiyuriya, ba a barinsu don yaro ya ji sauƙi. Kada a sayo maganin ƙarin jini a kemis ba da umarnin likita ba, gama sinadarin ƙarfe da ke cikinsa yana iya taruwa a jiki ya yi lahani.

In ciwo mai sauƙi ya taso, a ba shi ruwa da maganin zafin da aka rubuta, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ba a sa ƙanƙara, ba a kuwa yin tsaga.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Saifar mai sikila takan raunana tun yana ƙarami, shi ya sa ƙwayar cuta ke iya fin ƙarfinsa cikin sa'o'i kaɗan. A garzaya asibiti nan take idan zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi ya yi wuya. Haka kuma idan tafin hannu ya yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanya.

Rabon 'yan'uwa

Uwar da ta kwana uku a bakin gado tana bukatar mai karɓarta. Zumuntar mata tana iya shirya wannan, matasa masu lafiya kuma su ba da jini. Samari da 'yan mata su san nau'in jininsu tun kafin magana ta yi nisa.

Tambayoyin nazari

1. Akwai ma'aunin zafin jiki a gidan, kowa kuma ya iya karanta shi?
2. In ciwo ya tashi da tsakar dare, wane asibiti za a nufa, wa zai kai yaron?