Abin Da Ke Faruwa Cikin Ƙarfe A Maƙera

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya tashi a Dodoru ya san ƙarar masaba a maƙera in damina ta matso. Manomi ya kawo garma, wani lauje, wani gatari. A hutun da ya wuce na zauna ina yi wa kawuna zuga, sai na ga ya ciro gatari jajir daga wuta ya tsoma cikin ruwa, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, in ban yi haka ba, ko dai ya lanƙwashe ko ya tsage." Dalilin nan na kimiyya shi nake so in bayyana.

Ƙarfen da ake ƙera makami da shi ba zalla ba ne. Akwai ɗan sinadarin gawayi a cikinsa, watau kabon. Sufurin mota, wanda maƙera ke so ƙwarai, yana da wajen kashi 0.6 cikin ɗari. In zafi ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, sai zaman ƙwayoyin ƙarfen ya fara sākewa, kabon ya narke ya bazu a tsakaninsu, kamar yadda gishiri ke bin miya ko ba a motsa ba.

To, wannan tafiya ta kabon tana bukatar zafi da lokaci. In an bar ƙarfe ya huce sannu a hankali cikin toka, kabon zai sami sukunin tattaruwa jeri-jeri, ƙarfen ya yi taushi, ya yi daɗin gugar zarto. In kuwa aka tsoma shi ruwa farat ɗaya, kabon ba ya samun damar motsi, sai ya maƙale inda yake. Ƙarfen ya yi tauri matuƙa, amma ya zama mai saurin karyewa kamar tangaran. Ɗumamawar nan ta biyu, tsakanin digiri 200 da 300, ita ke ba kabon damar ɗan gusawa, taurin ya ragu kaɗan, juriya ta ƙaru. Maƙeri ba shi da ma'auni, launi yake duba: in bakin ƙarfen ya yi ruwan ƙasa-ƙasa zafi ya kusa isa, in ya yi shuɗi ya kai wajen 300. Daga nan kuma za mu gane abin da ya sa rodin da ba shi da isasshen kabon ba ya yin kaifi mai ɗorewa, ko sau nawa aka tsoma shi.

Masana sun mai da wannan abu lissafi. A 1855 wani Bajamushe, Adolf Fick, ya tsara ƙa'idar yadda abu ke bazuwa cikin wani. Daga ciki aka gano cewa in ana so kabon ya ninka nisan da ya shiga, sai an ninka lokaci sau huɗu. A ce awa 4 ke shigar da shi milimita 1, to milimita 2 sai awa 16. A 1930 Davenport da Bain na Amurka suka zana taswirar da ke nuna abin da ƙarfe zai zama a kowane zafi da lokaci. Yau injiniyoyi na sa wannan lissafi a kwamfuta, da manhaja irin DICTRA ta ƙasar Suwidin, su san sakamako tun ba a hura wuta ba.

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, gama an narka tama a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Saboda haka kada ɗan makaranta ya raina maƙera, kada kuma uba ya ce boko ba ta da amfani ga sana'ar gado. Lauje ɗaya da ya karye ranar yankan shinkafa a fadama hasara ce ga gida duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idon maƙeri da lissafin ɗalibi in sun haɗu, manomin Gwandu da Kalgo shi zai ci riba. Allah ya sa mu gane.