Ina Faransawa Suka Samo Kalmar Farauta?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa Faransanci daga Latin ya fito. Amma na duba ƙamus na ga a Latin yin farauta venari ne, Faransawa kuwa chasser suke cewa. Ina haɗinsu? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Babu haɗi tsakanin kalmomin nan biyu, ɗan'uwa, amma malamanku gaskiya suka faɗa muku. Latin ɗin ƙamus na manyan marubuta ne irin su Cicero. Faransanci kuwa daga bakin talakawan daular Rum ya fito, sojoji da manoma da 'yan kasuwa. Su a wurinsu farauta kamu ce kawai. Akwai capere, wato kamawa, da captare, neman kamawa. Daga nan bakin jama'a ya ƙera captiare. Ita wannan ba a same ta cikin rubutun Rumawa ba. Masana ne suka gano ta bayan sun jera jikokinta sun kwatanta, shi ya sa za ka ga sun ɗora mata alamar tauraro a gaba.

Jikokin kuwa ga su: cacciare a Italiya, cazar a Sifaniya, caçar a Fotugal. Ta Faransa ce ta fi sauya kama, domin a yankin Paris sautin "ka" na farkon kalma ya koma "ca", daga baya ya zama "sha". Haka cantare ta zama chanter, caballus ta zama cheval. Mutanen Normandi ba su yarda da wannan sauyi ba, suna nan da cachier ɗinsu, kuma ita suka tsallaka da ita Ingila bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Shi ya sa Turanci ya tashi da biyu, catch daga bakin Normandi da chase daga bakin Paris, duk tsatso ɗaya.

Venari ba ta mutu ba. A Romaniya, ƙasar da Sarkin Rum Trajan ya ci da yaƙi a shekarar 106, har yau farauta a vâna ce, mafarauci kuma vânător. A yamma ma ta bar ɓurɓushi: naman dawa venaison ne a Faransanci, farauta da karnuka kuma vénerie. A Sifaniya venado da can duk dabbar da aka farauto ce, yanzu sunan dabba ɗaya ne mai kama da barewa.