Ilimin Halittu: Daga Tiga Zuwa Falgore

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, ta bunƙasa noman rani. Sai dai ruwan magudanai kan tara katantanwa mai ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke huda fatar mai wanka, ta haddasa fitsarin jini. Gano wannan sarƙa da hanyar katse ta aikin ilimin halittu ne.

Ɗalibin Ƙiru ko Tudun Wada da ya haɗa fannin da Kimistiri da Fiziks, ya kuma ci Turanci da Lissafi, yana iya neman likitanci a Jami'ar Bayero, likitancin dabbobi a Zariya, ko kula da namun Dajin Falgore a Doguwa. Ya kamata malamai su faro darasin daga bakin ruwa.