Dutsen Zagami da Neman Rai a Wasu Duniyoyi

Ɗalibai da dama sukan tambayi malaman kimiyya ko akwai rai a wata duniya ban da tamu. Kafin a amsa, sai mu fara sanin irin ran da ake nema, gama ƙwayoyin halitta iri biyu ne.

Iri na farko shi ne ƙwaya mai sauƙi, kamar bakteriya. Ita ce take mai da madara nono, ita ce kuma take ruɓar da kalwa ta zama daddawar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Ba ta da cibiya, kayanta duka suna cikin ɗaki guda, kamar mai talla da ke da tire ɗaya. Iri na biyu shi ne ƙwaya mai cibiya, wadda ta yi kama da Kasuwar Kurmi ɗin kanta: ga layin dukawa, ga na maƙera, ga na masu tufafi, kowa da aikinsa. Cibiya tana ajiye bayanan gado, wani sashe kuma mai suna mitokondiriya yana samar da ƙarfi. Yistin burodi, da gero, da akuya, da mutum, duka da irin wannan ƙwaya aka gina su.

Masana sun ce bakteriya ta wanzu a duniyarmu tun shekara biliyan 3.5 da suka wuce, amma ƙwaya mai cibiya ba ta bayyana ba sai bayan fiye da shekara biliyan 1.5. A 1967 Lynn Margulis ta Amurka ta ba da hujja cewa mitokondiriya asalinta bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwaya ta zauna. Wannan doguwar jira ce ta sa masana da yawa suke zaton cewa ko da akwai rai a wani wuri, mai sauƙin ne zai fi yawa.

To, ina ruwan ƙasar Hausa da wannan bincike? Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da Zagami a lardin Katsina, dab da wani manomi da ke gonarsa. Daga baya aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. A 1995 masana suka auna iskar da ta maƙale a cikinsa, suka ga ta yi daidai da iskar duniyar Mars wadda kumbunan Viking suka auna a 1976. Ashe baƙo ne daga Mars! Ba a sami alamar rai a cikinsa ba, gama dutse ne na aman wuta. Amma ya taimaka wajen tabbatar da cewa duwatsu suna iya tasowa daga Mars su iso hannunmu a bincika su.

Binciken yana bukatar haƙuri. A 1996 masanan NASA suka sanar cewa sun ga abin da ya yi kama da burbushin bakteriya a wani dutsen Mars da aka tsinta a Antatika. Yawancin masana ba su gamsu ba, domin ma'adinai ma suna iya yin irin wannan siffa ba tare da rai ba. A 2021 motar bincike ta Perseverance ta sauka a Jezero, wurin da tafki yake a dā, a 2025 kuma aka sanar cewa wani dutsen da ta haƙa yana da tabon da mai yiwuwa ƙananan halittu ne suka bari. Har yanzu ba a tabbatar ba. Kumbon Europa Clipper, wanda ya tashi a 2024, ana sa ran zai isa Jupita a 2030 don ya duba watan Europa mai teku a ƙarƙashin ƙanƙara.

Akwai darasi biyu a nan. Na fari, kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Mai bi ba ya tsoron bincike, gama Allah ne ya yi sama da ƙasa, kuma duk abin da aka gano aikin hannunsa ne. Na biyu, mu san darajar abin da ke ƙasarmu. A 2023 aka tsinci dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas ta Nijar, a 2025 aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. In ba mu da masana namu, wasu za su ci gaba da kwashewa mu kuwa muna kallo. Saboda haka, ɗalibai, ku riƙe darasin kimiyya da hannu biyu.

Tambayoyi:
1. Mene ne bambancin ƙwayar da ke yin nono da ta yisti?
2. Ta yaya aka gane dutsen Zagami daga Mars ya fito?
3. Me ya sa masana ba su gamsu da sanarwar 1996 ba?